Awon Ƙafar Iya Tabawa

Daren jiya na yi wani mafarki, amma kafin in faɗe shi sai an san halin da na kwanta a ciki.

Ni mai sayar da yadi ne a kasuwa. Na daɗe ina auna atamfa da shadda, har na kai in na hango mutum daga nesa na san yadi nawa zai ci. Abin da ya ruɗe ni ke nan, na ɗauka katako ma yadi ne da ya taurare. Da na ɗora ɗaki guda a saman gidana, kafinta ya zo zai yi matakalar hawa, sai na ce ya huta, ni zan yi da hannuna. Na faɗi haka a gaban matata Lantana, na kuma maimaita a gaban dattawan majalisarmu ta ƙofar gida, wato wurare biyun da magana ba ta mutuwa. Ni zan koma ɗakin na sama, in bar wa 'yata ta fari nawa na ƙasa, don ta kusa dawowa gida goyon ciki. Ba na kama sunanta, ko a rubuce, sai a yi haƙuri. Cikinta kullum gaba yake yi. Matakalata kuwa tana nan jingine da katanga a matsayin falankai, kaji na kwana a ƙarƙashinta.

A haka na kwanta.

Sai ga ni a wani gari da rana tsaka. Garin ya yi kama da namu, sai dai sun fi mu tsari. Inuwar mutum kan riga shi fita, ta je ta kama masa wuri a gindin bishiya. Hayaƙin girki ƙasa yake gangarowa ya bi kwata, ruwan wanke-wanke kuma ya tashi sama ya haɗa hadari. Na wuce wani bawan Allah ya saɓa keke a kafaɗa, keken yana ce masa ya ƙara sauri. Ban yi mamaki ba. Abin da ya ɗan dame ni kawai, hular da ke kaina ba tawa ba ce.

Ina shan kwana sai ga gidana. Ɗakin da na ce zan bar wa 'yata ya tashi daga ƙasa ya hau saman gidan ya zauna, da labulensa, da buta, da takalman da ke bakin ƙofa. Lantana ta leƙo ta taga.

"Malam, sai yanzu?"

"Me kuke yi a can sama?"

"Me ake yi a sama? Watan 'yarka ya kama, ɗaki ya tashi. Kowa ya san haka ake yi. Faya ta fashe tun ɗazu."

"Ina tsani?"

"Ya tafi ta'aziyya ƙauye. Ko yana nan ma, Iya Tabawa za ka ɗora a kan tsani?"

Na waiwaya. A gindin katanga wata 'yar tsohuwa na zaune a kan kifaffen turmi, tana tauna goro da haƙoran da suka rage mata, da ƙullin kayan aikinta a cinya. Ita ce ungozomar garin. Na san haka ba tare da an gaya mini ba, kamar yadda na san a garin nan jariri ba ya yarda ya fito sai ya ji tafin hannunta. Da ƙuruciyarta bango take bi kamar ƙadangare. Yanzu gwiwa ta ƙi.

Na durƙusa na gaishe ta.

"Kai ne uban?" in ji ta.

"Ni ne, Iya."

"To ka yi mini hanya. Ni ba a koya mini tashi sama ba. Na ciki ba zai fito ba sai na je, uwar kuma ƙarfinta ba rijiya ba ne, yana ƙarewa."

Daga sama na ji wani nishi mai tsawo. Na san muryar. Ita ce ke kirana Baba tun tana tatata. A duk garin nan, wannan nishin ne kaɗai bai zo a karkace ba.

Sai ga ni a kasuwar katako.

A can katakai ne ke yawo, masu saye kuma an jera su a rumfa, wani kan wani, an sa musu tsinke a tsakani don iska ta ratsa. Wata zabuwa mai tabarau ce ke kula da rumfar. Ta nuna mini wuri da fiffike.

"Kwanta can. Miƙe sosai, kada ka ɓata mana layi."

Na kwanta. Ba a jima ba wasu dogayen katakai biyu na maɗaci suka iso, masu faɗi, masu kauri, da gani tagwaye ne. Ɗaya ya ƙwanƙwasa mini tumbi ya kasa kunne.

"Wannan bai bushe ba."

"Zai lanƙwashe," in ji ɗan'uwansa.

"Ya riga ya lanƙwashe. Dubi tsakiyarsa. Kai, me za ka yi da mu?"

"Matakala," na ce daga kwance. "Ku ne za ku tsaya gefe da gefe, a jikinku matakan za su zauna."

"Ka taɓa yi?"

"Na taɓa gani ana yi."

Suka dubi juna.

"Ya fi na jiya gaskiya. Mu ɗauke shi. Amma da sharaɗi, mai tumbi. In za ka yanka mana gurbin matakai, kada zartonka ya ci mu da zurfi. Abin da ka bari ta baya shi ne gadon bayanmu. In ka cinye shi, ranar da ƙato ya hau, da mu da shi duk ƙasa."

Na ce na ji. Suka saɓa ni a kafaɗa muka kama hanya, gajerun falankan matakai na biye da mu a jere kamar 'ya'yan agwagwa.

A ƙofar gida muka tarar an shimfiɗa tabarma. Dattawan majalisarmu ne, su uku, sun riga ni zuwa mafarkin. Ga Mai Unguwa Barmo a tsakiya da sandarsa. Ga Alhaji Mato, dogon da in yana zaune ma sai ka ɗaga kai ka gaishe shi. Ga Malam Cindo, gajere, mai yatsu shida a hannun dama, wanda bai taɓa barin kowa ya manta da haka ba.

Na zaro tef ɗin awona. Ya miƙo kai, ya ga dattawa, kunya ta kama shi, ya koma cikin gidansa. Na ja, na lallasa, ya ƙi fitowa.

"Yaron kirki," in ji Mai Unguwa. "Ya fi mai shi tarbiyya. Malam Sallau, ashe matakala za a yi ba a sanar da manya ba?"

"Ranka ya daɗe, gaggawa ce. Naƙuda ake yi a sama."

"Shi ya sa ma za a bi ƙa'ida. A garin nan kowane babba yana da matakinsa. Tsayin mataki taƙin hannunsa ne, faɗinsa kuma takalminsa. Wanda aka hana mataki, an ce masa shi ba babba ba ne. Abin da ya ragu a can ƙarshe kuma, komai yawansa, rabon mai gida ne, shi ne matakin sama."

Sai a lokacin na lura da sauran gidajen unguwar. Kowane gida da matakalarsa, kowace kamar bakin tsohon da haƙoransa suka yi rigima da juna. Kuma a gindin kowace matakala akwai maɗori zaune da tabarmarsa da karan ɗori. Namu ma ya riga ya iso, wani kwaɗo ne mai rawani, yana jiƙa tsumma.

Na san abin ba daidai ba ne. Amma ni mutum ne da ban taɓa ce wa dattijo a'a ba. Ko hanya dattijo ya nuna mini ba daidai ba, sai in bi ta har ya daina ganina, sannan in juyo.

Na ce, "To, ranka ya daɗe."

Mai Unguwa ya buɗe hannu, na auna. Alhaji Mato ya buɗe nasa, daga babban yatsa zuwa na tsakiya kamar an buɗe laima, matakinsa ya kai mini gwiwa. Malam Cindo ya ce a sa masa da na shidan, aka sa, duk da haka matakinsa ko kyanwa ta hau sai ta tambaya ko ta hau. Da dattawa suka ƙare aka aika unguwannin maƙwabta aka kirawo wasu. Wani ba shi da lafiya, ya aiko da hularsa aka auna.

Na ɗauko zarto. Tagwayen suka matse jiki.

"A wannan awon? Ba za mu yanku ba. Buga ƙusa dai a jikinmu, in ka dawo hayyacinka ka cire."

Na buga. Aka tayar da matakala aka jingina da bakin ƙofar sama. Dattawa suka ce mai gida ya fara gwadawa.

A nan na gane wani abu game da ƙafa. Ƙafa tana da hadda. Da ta taka mataki na farko da na biyu, shi ke nan ta rufe littafi, ta ce ta san sauran. Ba ta ƙara tambayar ido. Na hau na Mai Unguwa, na hau na wani mai suna Ɗangoje, ƙafata ta ɗaga daidai abin da ta haddace, sai ta tarar da na Alhaji Mato tsaye a gabanta kamar katanga.

A garin nan ba ƙasa ake faɗuwa ba, gefe ake faɗuwa. Na wuce ta kan igiyar shanya, na ratsa rumbun maƙwabci, na dawo ta ɗaya gefen na sauka a kan tabarmar kwaɗo.

"Sannu da zuwa," in ji shi. "Hannu ko ƙafa?"

Dattawa suka yi kabbara.

"Faɗuwa ta yi kyau," in ji Mai Unguwa.

"A kan nawa ya faɗo," in ji Alhaji Mato, yana gyara zama. "Kowa ya gani."

"Ai bai kai nawa ba ne," in ji Malam Cindo. "Da ya kai, da kun ga faɗuwa."

Iya Tabawa ko motsawa ba ta yi daga kan turmi ba. Ta dubi matakalar, ta dube ni, ta ci gaba da taunarta.

Sai Lantana ta sake leƙowa. Na jira ta ce wani abu game da ni da kafintanci, don dama irin wannan ba ta wuce ta. Ba ta ce ba. Muryarta ta yi ƙasa.

"Malam. Ta daina nishin. Ina yi mata magana sai dai ta bi ni da ido."

Na zauna a kan tabarmar kwaɗo, da buntun gero a gemuna. A'a dai ba ta fita daga bakina a gaban dattijo, na gwada a zuci ta maƙale. To in a'a ba za ta fita ba, sai in ga iyakar inda i za ta kai ni.

Na tashi na je gabansu na durƙusa.

"Ranka ya daɗe, wannan al'ada taku ta shiga raina ƙwarai. Babba aka ce, ko?"

"Babba."

"To in babba yana zaune a wuri, na ƙasa da shi yana miƙa hannu a auna?"

"Subhanallahi! Wane marar kunya ne?"

"Allah ya ƙara girma. To don kada in yi kuskure, wa ya fi kowa girma a nan?"

Nan take tabarma ta kaure. Mai Unguwa ya ce shi ya san lokacin da aka shuka kukar kasuwa. Alhaji Mato ya ce shi ya ba da ruwan da aka zuba mata. Malam Cindo ya ce a ƙirga da yatsu a gani wa zai riga ƙarewa.

Iya Tabawa ta tofar da tukar goro.

"Barmo."

Mai Unguwa ya sunkuyar da kai.

"Na'am, Iya."

"Wa ya yanke maka cibi?"

"Ke ce, Iya."

"Ka zo duniya kana atishawa, ka tsula mini fitsari a zane, har yau ba ka ba ni haƙuri ba. Kai kuma Mato, ƙafa ka fara turowa, uwarka ta sha wuya, kuma har gobe ƙafar ce ke riga hankalinka isa wuri. Cindo!"

"Iya, ni ban ce komai ba."

"Ni na hana a cire maka yatsan nan. Na ce a bar wa yaro abinsa. Ban san awon matakala za ka riƙa yi wa mutane da shi ba."

Hulunansu suka zazzago a hankali suka rufe musu fuska. Ta ƙarƙashin hula Mai Unguwa ya ce, "A auna Iya."

Na zari kara guda daga dannin maƙwabci na durƙusa a gabanta. Na ce ta dafa kafaɗata ta ɗaga ƙafa, iyakar inda za ta iya ba tare da ta yamutsa fuska ba. Ta ɗaga. Ƙafar ba ta yi nisa ba, ba ta ko kai taƙina ba. Na karya karan daidai nan.

"Wannan shi ne tsayin mataki," na ce. "Kowane mataki. Daga ƙasa har sama."

"Duka nata?" in ji Malam Cindo.

"Kana so ka karɓi ɗaya?" in ji Iya.

Ya ce a'a, tambaya ce kawai.

Na kai hannu zan auna tafin ƙafarta don faɗin mataki, sai ta janye.

"Kai, ba ka da tunani? Ni kaɗai zan bi? In za a hau, rabin ƙafa ya isa. Amma in za a sauko, da jariri a hannu, ƙafa duka take son wurin zama. Auna da ta Mato. Inda kwale-kwalen nan ya zauna, kowa ma ya zauna."

Alhaji Mato ya ɗage hularsa. Ya cire takalmi ya miƙo mini da hannu biyu, yana kallon sauran.

"Duka matakan?" ya ce.

"Duka, Alhaji."

"Kun dai ji."

Daga nan aiki ya kama gudu. Na ba Mai Unguwa doguwar gora ya riƙe a tsaye, daga ƙasa zuwa dokin ƙofar sama, na ce aikin nan sai mai riƙon gari. Malam Cindo na ba shi riƙon ƙusoshi, tunda ya fi kowa wurin saƙala su. Na riƙa ɗora karan a jikin gorar ina hawa da shi, ina yin alama da gawayi. Gorar ma tana sunkuyowa in na gaza kaiwa. Da na je ƙarshe sai aka samu ragowa, kamar faɗin yatsu uku.

"Rabon mai gida," in ji Mai Unguwa.

"Ranka ya daɗe, na yafe. Na raba wa jama'a."

In na ƙara wa kowane mataki tsayi don ragowar ta shige, gwiwar Iya ba za ta kai ba. Don haka na ƙara mataki guda, na gatsi bakin karan na rage shi kaɗan, na sake bin gorar. Bai zauna ba. Na sake gatsa, na sake bi. Sai da na ci kara har na fara jin daɗinsa, sannan alamar ƙarshe ta sauka cif a kan dokin ƙofa. Ragowar ta narke a cikin matakan kamar gishiri a miya, ba wanda zai ce ga inda take.

Na samu kwalin da ake naɗe atamfa, ban san daga ina ba, a aljihuna dai yake. Na yanke shi mai kusurwa uku, gefe ɗaya tsawon kara, gefe ɗaya tsawon takalmin Alhaji Mato. Na cire ƙusoshin ɗazu, na kwantar da ɗaya daga cikin tagwayen, na riƙa ɗora kwalin a bakinsa ina zagayewa da gawayi ina matsawa gaba, yadda tela ke fitar da wuyan riga. Zanen ya fito kamar haƙoran zarto, kowane haƙori ɗan'uwan na kusa da shi.

"Taɓa bayana ka ji," in ji katakon.

Na auna abin da zai rage ta baya. Da sauran nama sosai.

"To yanka. Amma a hankali, ina jin cakulkuli."

Na yanka yana ƙyalƙyala dariya. Da na gama ban sake wani awo ba, na ɗora shi a kan ɗan'uwansa na bi gefensa da gawayi, don kada tagwaye su sami saɓani. Garin katako yana fita daga bakin zarto yana tashi sama, tsuntsaye na kaucewa. Muka tayar da su, muka daidaita ƙafafunsu, gajerun falankai suka yi layi kowa ya haye gurbinsa ya kwanta. Malam Cindo na miƙo ƙusa, ina bugawa. Ban bugi yatsana ba ko sau ɗaya. A nan ne ya kamata in gane mafarki nake yi.

Na koma gefe na share gumi. Matakala ta tsaya, miƙaƙƙiya, kamar a gidan gwamna.

"Bismillah, Iya."

Ta sauko daga turmi, ta rungumi ƙullinta, ta tako har gindin matakala. Ta ɗaga ƙafa. Babban yatsanta ya tokari bakin falanki. Ta sake ɗagawa, fuskarta ta yamutse, ƙafar ta dawo ƙasa.

"Wannan ba nawa ba ne."

"Iya, da karanki na auna."

"To karan ya hau."

Kwaɗo ya fara warware tsumma. Daga sama ba a jin komai, ko motsi.

Na ɗora kara a jikin matakin farko. Matakin ya fi shi tsayi. Na haura da gudu na gwada na tsakiya, duk daidai. Na gwada na can sama, daga falankin ƙarshe zuwa dokin ƙofa, sai na ga ya gaza, kuma daidai abin da na ƙasa ya ƙaru da shi. Na tsaya ina kallon bakin falankin da ke ƙarƙashin ƙafata.

Kauri.

Duk rayuwata abin da nake aunawa tsawo ne da faɗi. Ba wanda ya taɓa shigowa shagona ya tambayi kaurin atamfa da awo. Na yanka gurabe daidai, na manta falankin da zai kwanta a kai shi ma yana da jiki. Na tsakiya ba su ji ba, don kowanne ya tashi tare da maƙwabcinsa. Amma ƙasa ba ta tashi ba, dokin ƙofa ma bai tashi ba.

"A wargaza?" in ji Mai Unguwa.

"Ba a wargaza komai, ranka ya daɗe. Ku ɗaga mini ita."

Ban san lokacin da na fara ba dattawa umarni ba, su ma ba su lura ba. Su uku suka sa kafaɗa suka ɗaga gindin matakalar, har Malam Cindo da ke kan yatsun ƙafa. Na ɗauki guntun falanki na kara a ƙafar kowane ɗaya daga tagwayen, na ja layi daidai kaurinsa.

"Zan rage muku ƙafa," na ce.

"Yanke," suka ce. "Dama tun ɗazu muke jin kamar mun sa takalmin aro."

Na yanke nan, na yanke can. Aka sauke. Matakala duka ta zauna ƙasa kaɗan, ta yi ajiyar zuciya. Na ɗora kara a matakin farko, cif. Ban ko je duba na sama ba, na san abin da aka cire a ƙasa ya je can ya cike.

Iya Tabawa ta ɗaga ƙafa ta ɗora. Ta ɗaga ɗayar ta ɗora a na biyu. A na uku ta daina kallon ƙasa. Ta gyara riƙon ƙullinta, ta ɓantari goro, ta ci gaba da hawa tana tauna, kamar mai zuwa ɗebo wuta a maƙwabta. Inuwoyin da ke gindin bishiya suka taso suka zo kallo, ba su ko jira masu su ba. Tana tsakiya ta waiwayo.

"Mato, ƙafarka ta yi rana yau."

Alhaji Mato ya fashe da kuka.

Ta kai sama, ta tsallake dokin ƙofa, labule ya rufe.

Muka tsaya. Ban san tsawon lokacin ba, don agogon garin ma ya tsaya yana kallon tagar. Ina riƙe da guntun kara, na matse shi har ya shige mini tafin hannu. Na yi addu'ar da na iya, da wadda ban iya ba.

Sai na ji nishin ya dawo, da ƙarfi wannan karon, da muryar Iya a kansa tana faɗa. Sai wata 'yar ƙaramar murya ta tsage da kuka, kukan mutumin da aka daɗe ana ɓata wa lokaci.

Lantana ta rangaɗa guɗa. Tagogin sama na unguwar duka suka buɗe, mata suka amsa. Kwaɗo ya naɗe tabarmarsa ya saɓa, ya tsaya a gabana.

"Ba ka san inda ake neman mai gadi ba?"

Dattawa suka ɗaga ni sama suka zagaya da ni gidan. Mai Unguwa ya yi shela cewa daga yau kowace matakala a garin da karan Iya za a auna ta, kuma dama shi tun farko abin da yake nufi ke nan. Kafintan da na kora ya ratso taro ya durƙusa ya ce in ɗauke shi koyon aiki. Na ce zan duba.

Lantana ta leƙo, fuskarta duk gumi, tana dariya.

"Malam, ashe ka iya?"

Tun da aka ɗaura mana aure nake jiran wannan tambayar.

"Ita fa?" na ce.

"Lafiya lau. Ta ce Baba ya hawo."

"Me aka samu?"

"Hawo mana ka gani. Ba kai ka yi hanyar ba?"

Na gyara babbar rigata, na goya hannuwa a baya, na fara hawa. Ban kalli ƙasa ba, ban dafa komai ba. Ƙafata ta haddace mataki na farko da na biyu ta rufe littafinta, kuma ba wanda ya ƙaryata ta. Falankai ba su yi ko ƙara ba a ƙarƙashin tumbina. Tagwayen na ce mini sannu, sannu, daga hagu da dama. Ƙanshin garin katako ya gauraya da na turaren wuta. Ga labule yana motsi, ga kukan yana matsowa. Na ɗaga ƙafa zan ɗora a kan dokin ƙofa.

Sai injin markaɗen maƙwabcinmu ya tashi, ƙaƙaƙaƙa, da hayaniyar masu robobin wake a bayan katanga.

Na buɗe ido. Gari ya waye tas. Ina kwance rigingine, ƙafata ta dama tana ɗage a sama, Lantana na tsaye a kaina da tsintsiya.

"Malam, sauke ƙafar nan in cire zanen gado. Murmushin me kake yi tun ɗazu?"

Ban sauke da wuri ba. Mataki ɗaya ya rage mini, kuma na san tsayinsa.